Ruwa Ko Iska: Wanne Zai Sanyaya Injin Gidanmu?

Babu gidan da za a shiga a ƙasar Rano ko Kibiya a rasa randa. Kowace uwargida kuwa ta san randar da ta fi sanyaya ruwa ita ce wadda jikinta ke tsattsafowa, a taɓa a ji damshi, gindinta kullum a jiƙe. Ruwan nan da ke tsattsafowa yana bushewa a iska, sa'ad da yake bushewa kuma yana tafiya da zafin abin da ke ciki. A kan wannan ne wani malamin makaranta a Jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya gina dabararsa ta sa ƙaramar tukunya cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, domin tumatir da tattasai su yi kwanaki ba su lalace ba. A shekarar 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki.

Watau yoyon randa shi ne amfaninta. Amma yanzu akwai waɗansu kayan da suka shigo gidajenmu, su ma ruwa ke sanyaya su, waɗanda yoyo kaɗan ya isa ya kashe su. Akwai mota, da injin niƙa, da babban janareta irin na majami'a ko na asibiti. Har kwamfuta ma yanzu ana yin mai ruwa a ciki. Tun da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta duka ta kwamfuta a 2015, iyaye da yawa suna ƙoƙarin saya wa 'ya'yansu, samari kuma suna buɗe shagon buga takardu da na haɗa hoton biki. Kuɗin da ake zubawa a waɗannan kaya ba kaɗan ba ne, sau da yawa amfanin gonar shekara guda ne. Saboda haka ya kamata mai gida ya san bambancin inji mai ruwa da mai iska tun kafin ya tsaya gaban mai sayarwa.

Daga ina zafin ke fitowa?

Idan aka zuba wa inji fetur ko gas, ba dukan ƙarfin man ke zama aiki ba. A ƙiyasin masu sana'ar, wajen kashi ɗaya cikin uku ne ke juya ƙarfe. Wani kashin yana fita ta salansa tare da hayaƙi. Sauran kashin yana zama a jikin injin, tilas ne kuma a kwashe shi, in ba haka ba baƙin mai ya tsinke, fistin ya kumbura ya kama, sai a ce inji ya buga. Ita kwamfuta ba ta ƙona mai, amma kusan dukan wutar da ta sha zafi take komawa.

Hanya biyu ce ta kwashe wannan zafi. Ta farko, a yi wa jikin injin haƙarƙari na ƙarfe, iska ta bi ta tsakaninsu. Ku dubi injin babur, za ku gan su a jere. Ta biyu, a zagaya injin da ruwa, ruwan ya ɗauki zafin ya kai shi lagireto.

Wajen ɗaukar zafi ruwa ya fi iska nesa ba kusa ba. Kilo ɗaya na ruwa yana ɗaukar zafin da ya ninka na kilo ɗaya na iska sau 4. In kuwa da mudu za a auna, zafin da mudu ɗaya na ruwa zai ɗauka sai an sami iska mudu fiye da 3,000. Shi ya sa galibin manyan injuna masu aiki dare da rana ake sa musu ruwa.

Amma ga wani abu da masu talla ba su cika faɗi ba. Ruwan ba ya haɗiye zafin, ɗan dako ne kawai. Yana kai shi lagireto, a can kuma fanka ce ke hura iska ta tafi da shi. Ke nan inji mai ruwa shi ma a ƙarshe iska ce ke sanyaya shi. In ƙurar hunturu ta toshe lagireto, ruwan ba shi da inda zai sauke kayansa. In kuma zafin ɗaki ya kai digiri 40, kamar yadda yakan kai a nan cikin watan Afrilu, babu lagireton da zai sauko da ruwansa ƙasa da 40.

Bitil da Fijo

Manya a cikinmu sun ga wannan gardama da idonsu. A 1975 aka fara haɗa Volkswagen Beetle a Legas, a shekarar nan kuma aka fara haɗa Peugeot 504 a Kaduna. Bitil injinta a baya yake, ba lagireto, ba ruwa ko ɗigo, fanka ce da fanbel kawai. Fijo kuwa mai ruwa ce. Malaman makaranta da ƙananan ma'aikata sun so Bitil, gama ba ta yoyon ruwa, ba a tsayawa a hanya ana neman rijiya saboda ita. Amma tana da ƙara, ba ta da ƙarfin ɗaukar kaya, in fanbel ya tsinke kuma direba bai kula ba, cikin 'yan mintoci injin ya ƙone. Fijo ita ce ta zama motar haya, tana ɗibar mutane da buhuna daga Kano zuwa Jos, sai dai direbanta ba ya rabuwa da galan na ruwa a but.

A ƙarshe masu ruwa ne suka ci kasuwar mota. An daina ƙera tsohuwar Bitil ɗungum a 2003 a ƙasar Meziko, domin inji mai ruwa ya fi shiru, ya fi ƙarfi, hayaƙinsa kuma ya fi sauƙin tsabtacewa. Amma ku lura, babur da mafi yawan keke mai ƙafa uku da ƙaramin janareta duk suna nan da iskarsu har yau. Girman aikin ne ya raba su.

A bakin ruwa da ɗakin niƙa

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, noman rani ya canza fuskar kudancin Kano. Ruwanta ne ke bin magudanan Kadawa da Kura da Bunkure, tumatirin da ake lodi a Kwanar Gafan kuma yawancinsa daga nan yake fitowa. Waɗanda magudana ba ta kai gonarsu ba sai suka koma ga fadama da bakin rafi. Daga shekarun 1980 hukumar KNARDA ta yi ta yaɗa ƙananan rijiyoyin fadama da ƙaramin injin ban ruwa mai fetur, irin wanda mutum biyu za su ɗauka, ko a ɗaure shi a bayan babur.

Wannan ƙaramin inji mai iska ne, ko da yake a bakin ruwa yake wuni. Mun ga daidai ne da aka yi shi haka. Ba shi da tiyon lagireto da zai fashe, ba shi da nauyi, kowane bakanike a kasuwar ƙauye kuma ya san cikinsa. Abin da ke kashe shi abu uku ne: ƙarancin baƙin mai, da ciyawa da laka da ke cushewa a haƙarƙarinsa, da kuma ɗabi'ar rufe shi da buhu wai don kada rana ta dake shi. Buhun nan ya fi ranar illa. In ana son yi masa inuwa, a kafa 'yar rumfa sama da shi, a bar iska ta ratsa ta ko'ina. Akwai kuma wani ɗan zobe a cikin famfon, wanda ke hana ruwa bin sandar da ke juyawa. Shi wannan ruwan da ake ja ne ke sanyaya shi. In aka tada inji ba a cika famfon da ruwa ba, ko rijiya ta ƙafe aka bar shi yana ta gudu a bushe, zoben zai ƙone, daga nan famfo ya fara yoyo.

Injin niƙa wani labari ne dabam. Shi yana wuni yana aiki a cikin ɗaki, cikin ƙurar gari, saboda haka galibi mai ruwa ne. Tsoffin injunan gas irin na Lister ana ajiye musu duro a gefe, da bututu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ba famfo, ba fanka. Ruwan da ya yi zafi a jikin inji yana hawa da kansa ta bututun sama ya zuba a duro, mai sanyi kuma ya gangaro ta na ƙasa. Dabara ce mai kyau ƙwarai, amma tana da tarko. Da zarar ruwan duro ya sauka ƙasa da bakin bututun sama, zagayawar ta tsaya cik. Yaron inji zai leƙa ya ga duro da ruwa fiye da rabi, ya ce lafiya lau, alhali kuwa injin yana dahuwa. Injunan ƙasar Sin masu silinda ɗaya da suka yi yawa yanzu, su a kansu ake zuba ruwan, yana tafasa yana tururi a fili, sai a yi ta ƙarawa. In aka manta har ya ƙafe, babban kuskure shi ne a kwara masa ruwan sanyi nan take. Ƙarfen da ya yi zafi haka in ya ji sanyi farat ɗaya tsagewa yake yi. A kashe shi, a bar shi ya huce tukuna.

Sa'an nan akwai maganar irin ruwan. Ku leƙa cikin butar shayin da ta daɗe, za ku ga wani farin ɓawo ya manne. Haka ruwan rijiya da na burtsatse ke bari a cikin inji da lagireto, ga tsatsa kuma. Ɓawon nan yana hana zafi ratsawa, tsatsar kuma tana cin ƙarfe daga ciki har ta huda. Yawancin yoyon da ake cewa ya zo ba zato, ya yi shekaru yana tahowa. Wani abin da ba mu yarda da shi ba kuma shi ne al'adar cire tamostat daga mota wai ƙasarmu da zafi. Masu ƙera motar sun sa shi ne domin inji ya kai zafin da ya dace da shi ya tsaya a nan. Cire shi yakan ɓoye ainihin cutar ne, watau toshewar lagireto ko mutuwar fanka.

Ruwa a cikin kwamfuta

Wanda bai taɓa gani ba zai yi mamaki, gama tun muna yara ake gaya mana ruwa da lantarki ba sa haɗuwa. Amma abin ya daɗe. Tun shekarun 1960 kamfanin IBM na Amurka yake sanyaya manyan kwamfutocinsa da ruwa. A 1985 aka fito da wata mai suna Cray-2, wadda aka tsoma kayan cikinta ɗungurungum a wani ruwa na musamman da wuta ba ta bi. A yau manyan ɗakunan kwamfutoci masu aikin ƙirƙirarriyar basira sun koma ga ruwa tilas, domin akwai akwatin kamfanin Nvidia na 2024, tsayinsa kamar na kabad, da ke shan wuta wajen wat 120,000. Babu fankar da za ta iya da wannan. Amma irin waɗannan wurare suna da na'urar da ke jin ɗigon ruwa, da famfo na biyu yana jira, da ma'aikata masu gadi dare da rana.

Ta gida fa? Ƙwaƙwalwar kwamfutar tebur ta aikin ofis tana fitar da zafin wajen wat 65, kamar tsohon ƙwan lantarki guda. Ta tafi-da-gidanka ba ta ma kai haka ba. Sai manyan da ake haɗa fim da su ko wasanni masu nauyi, su ne ke haura wat 200. Domin irin waɗannan ne ake sayar da na'urar sanyaya mai ruwa: ɗan faranti na jan ƙarfe a kan ƙwaƙwalwar, da ƙaramin famfo, da tiyo biyu, da lagireto mai fanka biyu ko uku. Tana da kyan gani, har da fitilu masu launi, shi ya sa samari ke sonta.

Ga inda yoyo ke farawa. Wuri na farko shi ne mahaɗar tiyo da ƙarfe, inda ɗan zoben roba ke toshe ruwa. Roba tana tsufa, zafi kuma yana gaggauta tsufanta. Na biyu, in aka haɗa jan ƙarfe da alminiyam a hanyar ruwa ɗaya, alminiyam ɗin yakan ciwu a hankali, sai in akwai maganin hana tsatsa a ruwan, shi ma maganin ƙarfinsa yana ƙarewa. Na uku, jijjiga. Kwamfutar da aka ɗauko a bayan mota daga Kano, ko wadda ta riga ta yi shekaru a Turai kafin a loda ta a jirgin ruwa, mahaɗanta sun sha wuya. Ko babu huda ma, ruwan yana ratsa jikin tiyo kaɗan-kaɗan ya tsere, kamar na randa, har bayan waɗansu shekaru a fara jin famfon yana ƙugi domin iska ta shiga. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A 2004 Apple ya fito da Power Mac G5 mai ruwa a ciki, bayan 'yan shekaru waɗansunsu suka yi yoyo, ruwan ya ci kayan da ke ƙarƙashinsa.

Waɗansu za su ce ai tataccen ruwa ba ya ɗaukar wuta. Gaskiya ne ranar da aka zuba shi. Amma da ya yi 'yan makonni yana zagaya ƙarfe, ya kwashi abin da zai sa wuta ta bi shi. In ya ɗiga a kan ƙurar da ke kan allon kwamfutar kuwa, magana ta ƙare.

Mu a ganinmu babban bambancin yana wajen yadda kowannensu ke mutuwa. Mai iska dunƙulen ƙarfe ne da fanka. In fankar ta tsaya, ƙarfen yana nan yana shan zafi, kwamfutar za ta rage gudu da kanta, in zafin ya matso digiri 100 ta kashe kanta. A sayi fanka, a ɗaura, aiki ya ci gaba. Fanka kuwa ana samunta a Titin Beirut a Kano, kuɗinta ba shi da yawa. Mai ruwa in famfonsa ya mutu, sai dai a sake na'urar duka. In kuwa yoyo ya yi, ba shi kaɗai zai tafi ba. Yakan ɗiga a kan katin hoto da ke ƙarƙashinsa, wanda sau da yawa shi ne mafi tsada a cikin akwatin, ko ya gangara cikin tukunyar wuta. Takardar garanti kuma ba ta cika yi wa mutumin Kibiya amfani ba, musamman in kayan na hannu ne.

Abin dariya a nan shi ne, mai iskan ma akwai ruwa a cikinsa. Bututun jan ƙarfen nan da kuke gani sun ratsa haƙarƙarinsa, kowanne akwai 'yan ɗigon ruwa a ciki, an zuƙe iskar an liƙe bakin. Ruwan yana zama tururi a gefen zafi, ya tafi gefen sanyi ya koma ruwa, ya dawo. Aikin randa ke nan a rufe. Ba famfo, ba roba, ba mahaɗa, saboda haka da wuya a ji ya yi yoyo. Irinsa ne a cikin kusan kowace kwamfutar tafi-da-gidanka.

To, wanne za a saya?

Domin karatun yara, da koyon jarrabawa, da buga takardu, da lissafin shago, mai iska ya isa har ya yi yawa. Ko mai haɗa bidiyon biki ma, babban mai iska mai fanka biyu zai riƙe masa aikinsa. Kuɗin da zai ƙara domin mai ruwa gara ya sa shi a abin da zai kare kwamfutar daga hawa da saukar wutar lantarki, gama a wajenmu wannan ya fi zafi kashe kaya. Wanda aikinsa ya kai lalle sai mai ruwa, ya sayi sabo a kwali, kada ya sayi na hannu. Ya sa a ɗaura lagireton sama da famfon domin iskar da ke ciki ta taru can, ya riƙa duba mahaɗan da farar takarda mai laushi wata-wata, ya kuma sa a ransa cewa bayan shekara biyar ko shida zai sake wani. In ya ga jiƙa, kada ya tsaya rufe aikin da yake yi. Ya zare waya daga bango nan da nan, kada ya kunna don gwadawa, ya kai wa mai gyara a wanke da sifirit, a bar shi kwanaki ya bushe sarai.

Haka ma a gona da gida. Kadada ɗaya ko biyu, da janaretan da za a kunna awa uku da dare, mai iska ya fi sauƙin riƙo. Injin da zai yi awa goma yana aiki kowace rana, wannan sai mai ruwa, amma kafin a biya kuɗinsa a tambayi kai, wa zai riƙa duba ruwan kowace safiya? In amsar ita ce yaro ɗan shekara goma sha biyu wanda shi ne kuma mai karɓar kuɗin niƙa, sai a sake tunani.

Akwai abu biyu da muke roƙon iyaye mata musamman su riƙe. Murfin lagireto yana danne ruwan ne domin kada ya tafasa a digiri 100, yakan kai wajen 120 yana nan a ruwansa. In aka buɗe murfin da zafi, ruwan zai tashi gaba ɗaya ya watsu a fuska da ƙirji. Sau da yawa kuwa yaron da aka aika ya kawo ruwa shi ne ke tsaye kusa. Kada a buɗe sai hannu ya iya zama a kan lagireton. In tsautsayi ya faru, a yi ta zuba ruwan sanyi mai tsabta a kan ƙunar har minti 20, kada a shafa manja ko ƙwai ko man goge baki, a tafi asibiti. Na biyu, ruwan nan kore ko ja da ake sayarwa a galan domin lagireto, akwai guba a cikin yawancinsa, ga shi kuma da ɗan zaƙi, launinsa kamar na lemon kwalba. Kaɗan ya isa ya lalata ƙodar yaro. Kada a juye ragowarsa a gorar ruwa ko ta lemo, kada a bar abin da ya ɗiga a tsakar gida inda yara da kaji da awaki ke yawo. In yaro ya sha, a kai shi asibiti a lokacin, ko da bai nuna alamar ciwo ba tukuna.

Ita kuwa ƙura, ba ta bar mai ruwa ba, ba ta bar mai iska ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu a riƙa buɗe akwatin kwamfuta sau ɗaya a wata, bayan an zare wuta, a hure haƙarƙarin da fankar, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa. A ɗaga akwatin daga ƙasa a ɗora a tebur, a bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango. Ta tafi-da-gidanka kuma kada a ɗora ta a katifa ko a kan filo, gama ƙofofin iskarta a ƙarƙashi suke.